Kullum Ana Kashe Mini Sarki, Me Zan Saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna buga ces, darar nan da ake kira eshek, a fadarmu ta Birni bayan la'asar. Kafin a sauke shayi na biyu an kashe mini sarki. Na ɗan tara kuɗi: in sayi allon katako mai kyau, ko in biya manhajar koyo? Daga wani matashi a Damagaram.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ban ga wasanka ba, amma na san ciwon, don ni ma na yi shi. Kana fito da sarauniya tun da fari, abokin wasa yana korarta gida-gida, duk kora ɗaya yana fitar da sabon mayaƙi, dawakinka kuwa suna turke ba a kwance su ba. Sarki na tsakiyar fili babu dogari.

Nemi wasan da Paul Morphy, gwanin ces ɗan Amurka, ya buga a gidan waƙar opera na Paris a 1858, ka jera shi da hannunka. Ya fitar da dawaki da giwaye, waɗanda masu Faransanci ke ce wa fu, ya ɓoye sarkinsa a taku na 12, ya ba da sarauniya kyauta, ya gama wasan a na 17. Sarkin abokan karawarsa bai motsa daga gidansa ba, hasumiya ɗaya da giwa ɗaya ma ba su taɓa fita ba.

To, ka tura sojan tsakiya, ka fitar da doki da giwa, kada ka yi ta juya abu ɗaya ba dalili. Sai ɓoyon sarki, wato rok: sarki ya matsa gida biyu wajen hasumiya, ita ta tsallake shi. Ba ya yiwuwa in ɗayansu ya riga ya motsa, ko akwai wani a tsakaninsu, ko ana barazana ga sarkin ko gidan da zai ratsa. Ka kuma sa ido kan gidan f7, na sojan da ke gaban giwar gefen sarki, in baƙaƙen ƴaƴa ne naka. Sarki kaɗai ke gadinsa, nan ake kashe sabon shiga a taku huɗu.

Batun saye kuwa, allon roba mai naɗewa ya ishe ka, muddin akwai haruffa da lambobi a gefensa don rubuta wasa. Ƙurar hunturu tsumma ke share ta. Manhaja, Lichess kyauta ce, kuɗin intanet kawai.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 8 tana so. Ƙaramin allo mai maganaɗisu ya yi? Daga wata uwa a Zengo.

Amsa: Hajiya, na tafiya ne, ƴaƴansa ƙanana, saurin ɓata gare su. Ki sayi babba, ki ƙirga ƴaƴa 32 a gaban mai kanti, ki tabbata yarinyar na bambance giwa da soja da kallo ɗaya. In za a shimfiɗa, farin gida ya kasance a kusurwar hannun damanta.