Kasala Bayan Barin Dafaffen Abinci: Amsoshin Likita

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata biyu ke nan da na daina cin duk abin da aka ɗora a wuta don in rage ƙiba. 'Ya'yan itace da salak kawai nake ci. Na rame kam, amma kafin azahar jikina ya mutu, ko bene na hau sai na tsaya na huta. Wadda ta ɗora ni a kan tsarin ta ce dafi ne ke fita daga jikina, in ƙara haƙuri. Haka ne? (Daga wata ma'aikaciya a Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba dafi ba ne ke fita, yunwa ce. Hanta da ƙoda su ke tace jini dare da rana, ko kin ci tuwo ko kin ci latas, kuma aikinsu ba ya sa mutum ya kasa hawa bene.

Mace mai zirga-zirgar aiki tana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, wajen 2,000 a rana. Giram 100 na kabeji bai wuce kalori 25 ba, kankana 30, kokwamba 15. Ke nan kafin ki sami abin da jikinki ke nema daga kabeji kaɗai sai kin ci kilo 8. Wane ciki ne zai ɗauka? Ruwa da ɓawo su ke cika miki ciki, ki ji kin ƙoshi, alhali abin da ya isa ga jini bai taka kara ya karya ba. Idan haka ya ɗore, ba kitse kaɗai jiki ke ƙonawa ba, har da tsoka. Raunin da kike ji a ƙafa daga nan yake.

Idan kin nace sai ɗanyen, to ki koma ga masu yawan kalori. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, dabino wajen 280, fiya 160, ayaba wajen 90. Ga aya, ga kwakwa, ga riɗi. Ki ci sau biyar a rana maimakon biyu, kuma kada salak ya shiga bakinki babu mai, domin bitamin A da ke cikin karas ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Gyaɗar da ta yi hunhuna ko take ɗaci ki zubar, tana ɗauke da guba mai lahanta hanta.

Amma shawarata ta gaskiya ita ce ki dawo da tukunya ko da sau ɗaya a rana: wake, dankali, ƙwai ko kifi. Rage ƙiba ba ya buƙatar gaba da murhu. Sannan ki je a auna miki jini. Idan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya gaza 12 kina da ƙarancin jini, wanda ya yawaita ga mata masu al'ada, kuma sinadarin ayon (ƙarfe, mai gina jini) da ke cikin ganye ba ya shiga jiki kamar na nama da hanta. Matsa lemon tsami a kan ganye yana taimakawa, shan shayi tare da abinci kuwa yana hanawa. A duba bayan gida ma, domin ganyen lambun da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata yana kawo tsutsar ciki, wasu daga cikinsu kuma jini suke sha.

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan ba na cin nama, ƙwai ko madara, kuma kusan komai ɗanye nake ci. Da farko na ji daɗin jikina ƙwarai. Yanzu ga gajiya, ga mantuwa, tafin ƙafata yana yi mini kamar ana tsira allura. (Daga wani malamin makaranta a Zariya)

Amsa: Malam, wasiƙarka ta fi sauran tayar mini da hankali, kuma ina roƙonka kada ka bar makon nan ya wuce ba ka ga likita ba. Abin da ka bayyana ya yi kama da ƙarancin bitamin B12. Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne, maikrogiram 2.4 a rana ga babba, amma babu shi a zogale, babu a dabino, babu a kowane ɗan itace. Daga nama, hanta, kifi, ƙwai da madara ake samunsa, ko daga ƙwayar magani. Hanta tana da ajiyar da kan kai shekaru, shi ya sa ka yi shekarun farko lafiya lau har ka ɗauka tsarin ya karɓe ka. Yanzu rumbun ne ya ƙare.

Wannan bitamin shi ke kula da rigar da ke lulluɓe jijiyoyi. Idan aka daɗe ba a magance ba, lalacewar jijiya kan zama ta dindindin, tafiya ma ta gagara. Kada ka shiga kemis ka sayi maganin ƙarin jini ka ce ka gama: folik asid da ake sa wa a irin wannan magani yana iya gyara sakamakon gwajin jini yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa. Ka nemi a auna B12 ɗin kansa, a duba suga kuma, domin shi ma yana kawo irin wannan tsirar a ƙafa. Wanda abin ya taɓa masa jijiya galibi da allura ake fara masa.

Tambaya: Mahaifinmu yana da ciwon suga. Ya koma cin ɗanyen ganye da gurji zalla, yana kuma ci gaba da shan magungunansa. Kwanan nan yakan yi gumi da karkarwa da hantsi, wani lokaci har maganarsa ta rikice. (Daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Da alama sugansa ne ke faɗuwa. An tsara masa magani ne daidai da abincin da yake ci a da, yanzu abincin ya ragu, maganin yana nan yadda yake. A cikin magungunan suga, insulin da glibenclamide su suka fi yin haka. Duk lokacin da abin ya taso ku auna sugansa, idan ya gaza 70 (ko 3.9 a wasu na'urorin), ku ba shi babban cokali guda na sukari ko zuma, ko dabino uku, ku sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma kada ku ɗura masa komai a baki, ku garzaya asibiti. Ku kai shi wurin likitansa a sake duba adadin maganin, kada ku rage da kanku.

Tambaya: Ni budurwa ce, shekarata 24. Tun da na fara wannan tsarin na zube sosai, kullum ina jin sanyi, kuma wata uku ban ga al'adata ba. A intanet na karanta cewa alamar jiki ya tsarkaka ce. (Daga Abuja)

Amsa: Ƙanwata, wannan magana ƙarya ce mai cutarwa, kuma tana ɓata mini rai duk inda na gan ta. Idan abinci ya gaza, ƙwaƙwalwa kan dakatar da sakin ƙwai don ta tanadi ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 1999 kan masu cin ɗanyen abinci na dogon lokaci a Jamus ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar na nufin sinadarin mata na estirojin ya yi ƙasa, ƙashi kuma yana yin laushi a shekarun da ya kamata yana ƙara ƙwari. Ki koma cin dafaffen abinci sau uku a rana, ki ga likitan mata, a duba har da maƙoƙo. Idan kuma kin lura tsoro ne ke kama ki in kin ga abinci, ki faɗa wa likitan ƙarara, cuta ce da ake magancewa.

Tambaya: An ce in riƙa shan ɗanyen ƙwai don in sami kuzari. Ya halatta a likitance? (Daga Kano)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Jiki yana cin moriyar wajen kashi 90 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen rabi kawai, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai kawo zazzaɓi da gudawa. Haka madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Ɗanyen wake da rogo mai ɗaci ma akwai guba a cikinsu, wadda jiƙawa da dahuwa ke kawarwa. Ka dafa ƙwan har gwaiduwar ta daskare.