Ku Tambayi Malamin Kimiyya: Shin sauro ne ya kawo sikila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon jinya, AS ce ni kuma ina da ƙane SS. Malaminmu yace mana ƙwayar sikila tana kare mutum daga maleriya shiyasa tayi yawa a ƙasarmu, amma kuma a darasi ɗaya yace sauyin ƙwayoyin halitta haka kawai yake faruwa ba tare da la'akari da buƙatar jiki ba. Toh nan ne kaina ya ɗaure, in haka kawai ne ya akayi abin ya dace da inda sauro yake? Ba jiki bane ya ga matsala ya nemo mafita? Sannan dan Allah wace hujja ce a cikin DNA da ake cewa tana nuna halittu suna da dangantaka? Daga ɗalibarka a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya sauƙaƙa masa. Duka maganganun malamin naku biyu daidai ne, abinda ya rage shine ki gane wanne ne ya riga wanne.

DNA ɗin mutum rubutu ne da haruffa 4 kacal, A, C, G da T, kuma kin gaji kusan haruffa biliyan 3 daga wajen mahaifi, wasu biliyan 3 daga wajen mahaifiya. Duk lokacin da ƙwayar jiki zata rabu biyu sai an kwafe wannan rubutun kaf, kuma duk da cewa jiki yana da hanyoyin gyaran kuskure masu ban mamaki, wasu kurakuran suna kuɓucewa. Kowane jariri yana zuwa duniya da sabbin sauye-sauye kamar 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwa babu su a jikin uba. Galibinsu basa yin komai, wasu suna cutarwa, 'yan ƙalilan ne ke da amfani. Sikila harafi ɗaya ce tak, a kan kuromosom na 11 (kuromosom shine ƙunshin da DNA yake naɗe a ciki), inda GAG ya koma GTG, wannan kaɗai ya isa ya canza sinadarin himogulobin har jajayen ƙwayoyin jini su riƙa lanƙwashewa kamar lauje idan iskar oksijin tayi ƙasa.

Yanzu ga wajen da kika rikice. Sauro bai rubuta wannan harafin ba, jiki ma bai zauna ya ƙirƙiro shi ba. Sauyin ya faru a jikin wani mutum dubban shekaru baya, da ace a ƙasar da babu maleriya ya faru da wuya ya yaɗu, ƙila ma ya ɓace ba wanda ya sani. Amma a inda zazzaɓin cizon sauro yake kashe yara ƙanana, yaro AS yana da kariya ta kusan kashi 90 cikin 100 daga maleriya mai tsanani, sai ya zama su sukafi tsira su girma suyi aure su haihu, zamani bayan zamani har aka wayi gari kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar. Anthony Allison ne ya nuna wannan alaƙa a 1954 bayan binciken da yayi a Gabashin Afirka. Kinga kenan faruwar sauyin daban, yaɗuwarsa daban. Na farko bai duba buƙata ba, na biyun kuwa yanayin wuri ne ya tace.

Kuma ki duba ƙanenki. In da jiki ne yake zaɓo mafita da gangan ai ba zai zaɓi wadda za ta bar yaro SS cikin ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwanciya asibiti ba. Wallahi wannan abin yana taɓa ni sosai, ƙiyasin da ake yawan ambata shine jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, kuma AS ya auri AS kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na zama SS, ba wai in an haifi ɗaya SS sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Tunda AS ce ke, ki riƙe maganar gwajin jinotayif da muhimmanci tun kafin magana tayi nisa da manemi.

Zaki iya cewa toh wa ya ga sauyin yana faruwa kafin buƙata? An gwada, da bakteriya, saboda su cikin sa'o'i suke hayayyafa. A 1943 Salvador Luria da Max Delbrück sun nuna hakan ta hanyar lissafi, amma gwajin da yafi burge ni shine na Joshua Lederberg da matarsa Esther a 1952 a Amurka. Sun raini bakteriya a faranti wanda babu magani a ciki, sai suka danna ƙyallen karammiski a kai suka buga shi a wasu farantan masu magani, yanda kowane rukuni zai sauka daidai wajen da yake a farantin farko. Kusan duka suka mutu sai 'yan tsiraru, kuma waɗanda suka rayu a waje ɗaya suka fito a kowane faranti. Da maganin ne yake koya musu juriya ai da ko'ina zasu fito barkatai. Da aka koma farantin asali wanda bai taɓa ganin magani ba aka ɗebo daga wannan wajen, sai aka tarar dama can masu juriya ne. Abinda ya faru da kulorokwin kenan, ƙwayoyin cutar maleriya masu jure masa suka tsira suka yaɗu, har Najeriya ta daina amfani dashi a matsayin maganin farko na maleriya a 2005.

Sai dai kada ki ɗauka ko'ina a DNA damar sauyi ɗaya ce. Akwai wuraren da suka fi saurin kuskure, hayaƙin taba da hasken rana mai ƙarfi suna ƙara yawansa, haka tsufan uba, wani bincike a Ayisland a 2012 ya gano kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara wa ɗansa sauyi kamar 2. Abinda masana suke nufi kawai shine sauyin baya duba ko zai amfani mai shi. Wannan bayani ne na yanda abu yake gudana a ɗakin gwaji, batun ƙaddara da nufin Allah ba abu ne da madubin ƙara girma yake aunawa ba, kuma shafin nan ba na fatawa bane.

Tambayarki ta ƙarshe. Idan ɗalibai biyu suka bada amsa daidai iri ɗaya malami ba zai zarge su ba, amma in sukayi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya ya san daga tushe ɗaya suka kwafo, da irin wannan masana suke kafa hujja. Akuya da kare da yawancin dabbobi masu shayarwa jikinsu yana haɗa bitamin C da kansa, mu kuwa sai mun sha lemo ko mun ci ganye, alhali ƙwayar dake wannan aikin, GULO, tana nan a jikinmu amma a lalace, kuma haka take a lalace a jikin cimfanzi da gorila da sauran birai na kusa dasu, har da ɓangarorin da suka ɓace iri ɗaya. Sannan mu kuromosom ɗinmu tagwaye 23 ne, na cimfanzi da gorila 24. A 1991 aka gano cewa a tsakiyar kuromosom ɗinmu na 2 akwai jerin haruffan da a ƙa'ida a bakin kuromosom kaɗai ake samunsu, jeri biyu suna fuskantar juna, sannan akwai ragowar cibiya ta biyu wadda ta daina aiki, alhali a ƙa'ida kowane kuromosom cibiya ɗaya yake da ita, wato wajen da ya tsuke a jikinsa, kuma tsarin ƙwayoyin dake kansa ya dace da na wasu kuromosom biyu dake rabe a jikin cimfanzi.