Horon aiki a binciken kwaɗi da macizai: me za ka tarar?

Ka ce an ba ka gurbin horon aiki da masu binciken kwaɗi, macizai da ƙadangaru a daji, kana tambaya ko ya cancanci wahalar. Ni dai na ce ka karɓa.

Yawancin aikin kwaɗi da dare ake yinsa, musamman bayan ruwan sama, lokacin da mazansu ke kuka a bakin tafki. Kowane jinsi da irin kukansa, don haka kunnenka zai yi aiki kamar idonka. Da safe kuma sai zagayen tarko: bokitai ne da ake binnewa a ƙasa jikin ɗan shinge, dabba ta bi shingen ta faɗa ciki. A auna tsawonta da nauyinta, a rubuta wuri da lokaci, a sake ta. Kada ka yi lattin duba tarkon, zafin rana yana kashe su a ciki.

Tsafta ce abin da nake so ka fi riƙewa. Fatar kwaɗo tana saurin tsotse abubuwa da yawa da suka taɓa ta, kuma akwai cutar fungas mai suna chytrid da ta hallaka kwaɗi masu yawa a duniya. Takalmi da hannu na iya ɗaukarta daga wannan tafki zuwa wancan. Sauya safar hannu bayan kowane kwaɗo, ka wanke takalminka. A ƙididdigar 2023 ta IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, kusan kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Maciji mai dafi kuwa, kada ka taɓa shi sai an koya maka, kuma malaminka yana tsaye kusa.