Wai a Amurka hana fasto maganar siyasa ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai saida hatsi ne a babbar kasuwar Maradi. Ran nan muna shan shayi a fada wani abokina ya ce wai a Amurka in fasto ya taɓa siyasa a coci gwamnati rufe wurin take, na ce to ina ƴancin addinin da suke ta faɗa mana? Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin naka ya ji ƙishin-ƙishin ne, ba rufewa ake ba, magana ce ta lampo. A can coci da masallaci ba sa biyan haraji, har wanda ya ba su sadaka ana iya rage mishi nashi, to a 1954 sai Lyndon Johnson, lokacin yana sanata, ya sa aka gindaya sharaɗi cewa duk mai cin wannan rangwamen ba zai fito ya ce ku zaɓi wane ko kar ku zaɓi wane ba. Wa'azi kan zalunci ko talauci kuwa ba wanda ya hana. Kuma ba kasafai ake hukuntawa ba, wanda aka fi sani wani coci ne a jihar New York da ya sayi shafin jarida a 1992 yana cewa Kirista kar ya zaɓi Bill Clinton, aka janye mishi rangwamen. A 2025 ma hukumar harajin ta shaida wa wata kotu a Texas cewa fasto zai iya faɗa wa mabiyansa ɗan takarar da yake so a cikin ibada.

Mu nan ai mun ga nauyin kalmar mumbari da idonmu. A Yunin 2019 aka kama wani limami a nan Maradi bayan ya soki daftarin dokar tsara ibada, matasa suka fito, aka ƙona coci, mutanen da ba ruwansu da dokar suka kwana da fargaba, wallahi har yau abin na min ciwo.

Ni dai ina son liman ya faɗa wa mai mulki gaskiya, in tiyar gero ta gagari talaka ya faɗa ranar Juma'a ba tsoro. Sunan ɗan takara ne ba na so ya ambata, don a sahu ɗaya akwai mai son wannan akwai mai son wancan kafaɗa da kafaɗa, ran da ya ce wane za ku zaɓa rabinsu sai su ɗauki darduma su koma masallacin wata unguwa.