Na rubuta fankishin ɗaya sau biyu, kompaila bai ce uffan ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Kura nake. Ina haɗa Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri, da zai riƙa kunna injin ban ruwa a gonar tumatirin babanmu. Cikin kuskure na rubuta fankishin (gungun umarni mai suna) kunnaFamfo sau biyu, amma kompaila, manhajar da ke fassara shirin zuwa harshen na'ura, ya karɓa. Yanzu wani lokaci gyaran da na yi yana aiki, wani lokaci kamar ban taɓa shi ba. Shin kompailan ne ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aikin albarka. Kafin mu ɗora wa kompaila laifi, koma ka dubi abin da ke cikin baka, wato ( ), bayan kowane suna. Ina kyautata zaton ɗaya int yake karɓa, wato nau'in ƙaramar lamba, ɗayan kuma long, nau'in babbar lamba.

Arduino da harshen C++ yake aiki, shi kuwa wannan harshe ya halatta suna ɗaya ga fankishin biyu muddin irin abin da suke karɓa ya bambanta. A wurinsa takwarori ne, kamar Musa biyu a gida ɗaya, kowa da ɗakinsa. To ga inda gizo ke saƙar: a kan Uno, int ba ya wuce 32,767. In ka rubuta kunnaFamfo(20000), na int zai amsa. In ka rubuta 40000, lambar ta fi ƙarfin int, sai kompaila ya ɗauke ta long ya miƙa wa ɗayan, wanda ba ka gyara ba. Shi ya sa gyaranka ke zuwa yana ɓacewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gona, domin injin da ya ƙi tsayawa mai yake ci, ruwa kuma ya kwanta wa tumatir.

Goge ɗaya, ka mayar da ɗayan mai karɓar unsigned long, wato long da ba ya zuwa ƙasa da sifili, tunda irinsa millis(), mai ƙirga lokaci a Arduino, ke bayarwa.

Da a ce komai nasu iri ɗaya ne a fayil guda, da avr-gcc, kompailan Uno, ya tsayar da kai da saƙon "redefinition of". Akwai dai wata kafa: in suna fayilolin cpp daban-daban kuma an sa musu kalmar inline a gaba, linka, wato mai haɗa fayilolin su zama shiri ɗaya, zai ɗauki ɗaya shiru, don ƙa'idar harshen ba ta tilasta masa yin gargaɗi ba.

In ka duba duk wannan, biyun iri ɗaya ne sak a fayil ɗaya kuma ya wuce, to sai mu fara zargin kompaila. Rage shirin zuwa layi biyar ko shida, ka rubuta lambar sigar kompailan, ka turo mini mu gwada tare kafin mu kai rahoto.