Sauro a Hanya: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Malam, zan raka mahaifiyata asibiti a Delhi ta ƙasar Indiya, wata guda za mu yi cikin Satumba. Gidan sauro ya wadatar? Ina tsoron kar a je neman lafiya a dawo da wata cuta. (Wata baiwar Allah, Unguwar Rimi)

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Kwantar da hankalinki, ƙanwata, abin yana da sauƙi. Ki tafi da gidan sauron, amma shi kaɗai bai isa ba. Sauron maleriya da muka sani da dare yake aiki. Wanda ke addabar Delhi a ƙarshen damina shi ne baƙin nan mai ɗigon fari a ƙafafu, mai kawo zazzaɓin dengi, shi kuwa da rana yake cizo, musamman da safe da bayan la'asar. Ki nemi man shafawa mai korar sauro a babban kantin magani, ki duba jikinsa ki ga yana da sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ko picaridin kashi 20. Ku shafa a idon sawu, hannu da wuya, ku riƙa sa safa. Alwala tana wanke shi, don haka in kun idar da salla ku sake shafawa. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanku, farasitamol kawai, a je a gwada jini. Ban da asfirin, ban da ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi.

Tambaya: Na ga ana tallan wani awarwaro a Facebook, da manhajar waya mai ƙara, wai duk suna korar sauro. Wanne zan saya? (Matashi, Kawo)

Amsa: Babu ko ɗaya. An gwada ƙarar nan, sauro bai damu da ita ba, awarwaro kuma ba ya kare ƙafa. Haka cin tafarnuwa. Kai kuɗinka wurin man shafawa mai lambar NAFDAC.

Tambaya: Zan tafi Akara sarin kaya. Ejan ɗina ya ce in ba shi kuɗi ya kawo min yalo kad har shago, ba sai an yi min allura ba. Da matsala? (Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci)

Amsa: Alhaji, da matsala babba, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci min rai. Mutum ya kashe maƙudan kuɗi a tikiti da masauki da canji, sai a kan allura guda ɗaya ya nemi hanyar bayan gida. Katin shaida ne cewa an yi maka rigakafin cutar shawara. In ba a yi ba, takarda kawai ka saya. Wataƙila ta fitar da kai a hannun jami'in kan iyaka, to a hannun sauro fa?

Shawarar da sauro ke kawowa ba ta da maganin warkarwa, sai dai a tallafa wa majinyaci a asibiti. Cikin waɗanda ta tsananta musu, har ido ya yi rawaya jini ya fara fita, kusan rabi ke rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Kuma ba labarin nesa ba ne: a 2019 ta ɓarke a jihar Bauchi, ta wajen Alkaleri da Yankari, an yi asarar rayuka. Allurar kuwa sau ɗaya ce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce katin na aiki har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa duk shekara goma. Me ya yi saura na wahala a nan?

Ka je ofishin kula da lafiyar matafiya na gwamnatin tarayya da ƙafarka, a yi maka a gabanka. Kar ka bari sai ana gobe tafiya, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar. Ƙanwata ta Unguwar Rimi, ke ma Indiya za ta nemi katin nan, amma ki fara tambayar likitan Hajiya, domin mai shekara 60 zuwa sama da mai raunin garkuwar jiki ba a yi musu kai tsaye.

Tambaya: Jikokina da aka haifa a Ingila za su zo hutu. Na ce a fesa fiya-fiya a ɗakinsu kullum. Ya isa? (Kaka, Kabala)

Amsa: Hajiya, don Allah kar a fesa. Fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne, shaƙarsa a rufaffen ɗaki na iya halaka yaro. Damuwarki tana kan hanya, domin yaran ba su taɓa haɗuwa da maleriya ba, in ta kama su tana saurin tsananta. Uwarsu ma da ta daɗe a waje, juriyar da ta tashi da ita ta ragu. Su ga likita tun can ya rubuta musu ƙwayar rigakafi, su fara sha kafin su taso, su ci gaba bayan sun koma. Ke kuma ki tanadi gidan sauro mai magani, ki shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, a gyara ragar taga, a kifar da duk gwangwani da tsohuwar taya da ke tara ruwa a tsakar gida. Jaririn da bai kai wata biyu ba kar a shafa masa komai, a lulluɓe shimfiɗarsa da raga.