Amsa ga mai tambaya kan awon numfashin kifi

Malama, sannu da aiki. Kin ce kina saka kifin teku a akwatin awo, ki jira awa 1, ki fara ɗaukar adadin oksijin da yake sha, sai ki ga alƙaluman sun yi sama sosai kuma sun ƙi tsayawa wuri guda, har kin fara zargin na'urar. Kada ki yi saurin ɗora mata laifi. A awa ta farko, firgicin kifin kike aunawa.

Na daɗe ina wannan aiki a ɗakin binciken halittun teku, kuma duk sabon ɗalibi nan yake fara tuntuɓe. Kifin da aka kamfato da raga, aka fito da shi cikin iska, aka auna nauyinsa, aka cusa shi a bututu, jikinsa cike yake da adirenalin da kortisol, sinadaran da jiki ke saki lokacin firgici. Ki leƙa ta ƙaramar kafa ki dube shi da kyau. Marfin numfashinsa na gefen kai yana buɗewa yana rufewa kamar mai haki, launinsa ya sauya, yana ta dungurar bangon akwatin da baki. Wannan ba kifin da ke hutu ba ne. Mu barinsa muke yi ya kwana a ciki, na'urar tana ta aiki har kimanin awa 24, sannan mu tsinto mafi ƙarancin alƙaluman. A lulluɓe tankin da baƙin ƙyalle, a hana shige da fice. Ko inuwar mutum ta gifta, za ki ga layin da kwamfuta ke zanawa na shan oksijin ya yi tsalle.

Sai abinci. Narkar da shi kansa yana cin oksijin mai yawa, don haka a hana kifin ci na awa 24 zuwa 48 kafin awo. Na ruwan sanyi yakan buƙaci fiye da haka.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne kamar akwatin a rufe yake tun daga farko har ƙarshe. Idan haka ne, oksijin yana raguwa, gurɓatacciyar iskar numfashi (kabon dayoksaid) da amoniyar da kifin ke fitarwa suna taruwa, kifin yana ƙara shiga wahala, ke kuma kina rubuta wahalar a matsayin sakamako. Tun 1989 masanin numfashin kifi John Steffensen ya yi bayanin irin waɗannan kurakurai, kuma hanyar da aka fi bi yanzu ita ce rufewa da buɗewa bi da bi: a rufe na 'yan mintoci a auna, famfo ya zuba sabon ruwa, a sake rufewa. Kada oksijin ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100. Girman akwatin kuma ya kai ninki 20 zuwa 50 na jikin kifin.

Ki auna raguwar oksijin a akwatin babu kifi, kafin gwaji da bayansa. Ƙwayoyin bakteriya da ke manne a bututu su ma suna shan oksijin, kuma a ruwan ɗumi suna hayayyafa cikin dare ɗaya. Idan kifin ƙarami ne, rabonsu ba kaɗan ba ne, dole a cire shi daga lissafi. Ki duba ko kin shigar da adadin gishirin ruwan a manhajar na'urar, domin a zafin digiri 20 ruwan daɗi na riƙe oksijin kusan miligiram 9.1 a lita, na teku kuwa kusan 7.4. Zafin ruwan ma ya tsaya cak, tunda ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka buƙatar kifi sau biyu.

Ba ki faɗi irin kifin ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Idan mai yawo a garke ne, kaɗaici kawai ya isa ya ɗaga masa numfashi. A wani bincike da aka wallafa a 2016 kan ƙaramin kifin murjani Chromis viridis a tsibirin Lizard na Ostareliya, waɗanda suke gani kuma suke jin ƙanshin 'yan'uwansu sun rage buƙatar oksijin da kusan kashi 26 cikin 100. Ni kan zuba abokan garkensa a babban tankin da ke kewaye da akwatin, yana ganinsu amma ba sa taɓa ruwan awon.

Ki turo mana sunan kifin, nauyinsa, girman akwatin da hoton layin dare guda, sai mu duba tare.